RIGAR NUTSO: JIƘAƘƘIYA KO BUSASSHIYA?

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi daga garin Kibiya ya bi ta Rano, ya zarce kudu maso yamma, zai tarar da tafkin Tiga shimfiɗe a gabansa, iya ganin ido. An gina madatsar wannan tafki a kan kogin Kano tsakanin shekarar 1971 da 1974, a zamanin mulkin Gwamna Audu Baƙo. Tsayin gininta ya kai mita 48, tsawonta kuma kimanin kilomita 6, tana kuma iya riƙe ruwan da ya kusan kubik mita biliyan 2. Daga gare ta ake shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure.

Inda duk ruwa ya taru haka, ba a rasa masu shiga ƙarƙashinsa. Masunci yakan nutsa don ya kwance komarsa idan ta sarƙe a kututture. Idan jirgin kwale-kwale ya kife, kamar yadda ya faru a madatsar Watari ta Bagwai a watan Nuwamba na 2021 inda aka rasa rayuka fiye da 20, masu nutso ake nema su shiga ceto da lalube. Haka kuma kowace babbar madatsa tana da ƙofofi da bututai a ƙarƙashin ruwa waɗanda sai an nutsa ake iya duba lafiyarsu.

Masu nutso na zamani suna da riguna iri biyu. Akwai wadda ruwa ke shiga cikinta ya taɓa fata, wadda za a kira jiƙaƙƙiyar riga a wannan darasi. Akwai kuma wadda ke tsare ruwa gaba ɗaya, wato busasshiyar riga. Manufar darasin ita ce bayyana yadda kowacce ke aiki, da irin ruwan da ya dace da ita, domin kuskure wajen zaɓe yana iya zama sanadin rai.

Yadda Ruwa Ke Ɗebe Ɗumin Jiki

Mai karatu yana iya tambaya: me mutumin ƙasa mai zafi kamar Kano zai yi da rigar sanyi a cikin ruwa? Amsar tana cikin bambancin da ke tsakanin ruwa da iska.

Zafin cikin jikin ɗan Adam digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyos. Ɗumi kuwa kullum yana gudana ne daga abu mai zafi zuwa abu mai sanyi. Ruwa yana jan ɗumi da saurin da ya ninka na iska kimanin sau 25. Bugu da ƙari, ɗumin da ake buƙata don a ɗumama bokitin ruwa da digiri ɗaya ya ninka wanda ake buƙata don ɗumama bokitin iska fiye da sau 3,000. Wannan ne ya sa mutum zai wuni a inuwa mai digiri 25 yana jin daɗi, amma idan ya zauna cikin ruwa mai digiri 25 na awa ɗaya ko biyu sai ya fara karkarwa. Ruwan da ba ya rage wa mutum ɗumi idan yana zaune tsit babu riga shi ne mai digiri 33 zuwa 35. Duk ruwan da bai kai haka ba, yana ɗebe ɗumin jiki ne, ko da sauri ko a hankali.

Illar sanyi takan zo mataki-mataki. Da farko jini yakan janye daga hannuwa da ƙafafu ya koma ciki, sai yatsu su sandare, mai nutso ya kasa ɗaure igiya ko murɗa famfon tukunyar iskarsa. Idan zafin cikin jiki ya sauko ƙasa da digiri 35, karkarwa takan tsananta, magana ta harɗe, tunani ya rikice. Ƙasa da digiri 32 karkarwar kanta tana iya tsayawa, wannan kuwa alama ce ta haɗari, ba ta sauƙi ba. Ƙasa da digiri 28 zuciya tana iya tsayawa. Abin lura shi ne, a ƙarƙashin ruwa ba sai an kai matakin ƙarshe ake halaka ba. Sandarewar yatsu da rikicewar tunani kaɗai sun isa.

Akwai misali daga gaɓar tekun Nijeriya. A ranar 26 ga Mayu, 2013, wani jirgin ruwa mai suna Jascon-4 ya kife a tekun Atilantika kusa da Eskarabos, ya sauka ƙasa a zurfin kimanin mita 30. Mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya sami wani lungu da iska ta maƙale a ciki, ya rayu a nan kimanin awa 60 kafin masu nutso su same shi. Ko da yake tekun na ƙasa mai zafi ne, sanyi na daga cikin manyan abubuwan da suka addabe shi, har sai da ya haɗa katifa da allunan bangon jirgi ya ɗaga jikinsa daga cikin ruwan. Da ya ci gaba da zama tsundum a ciki, da wuya ya kai wannan lokaci.

Jiƙaƙƙiyar Riga

Ana yin wannan riga da wata roba mai suna niyofirin, wadda masana na kamfanin DuPont na Amurka suka samar a shekarar 1930. Wani masanin kimiyyar fiziya na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, mai suna Hugh Bradner, shi ne ya fito da rigar farko irin wannan a wajajen 1952. Tunaninsa shi ne, ba dole ne mai nutso ya kasance a bushe ba kafin ya ji ɗumi.

Don a fahimci sirrin rigar, sai a kwatanta soson katifa da takalmin silifas. Dukkansu cike suke da ƙananan ramuka. Ramukan soson katifa a buɗe suke, suna haɗe da juna, shi ya sa yake shan ruwa. Na silifas kuwa a rufe suke, kowane rami yana riƙe da ɗan ƙumshin iska, shi ya sa silifas ba ya shan ruwa, yana kuma yawo a saman kududdufi. Robar rigar nutso irin ta silifas ce: cike take da miliyoyin kumfa na iskar naitirojin. Tun da iska ba ta saurin wuce da ɗumi, waɗannan kumfa su ne katangar da ke tsakanin jiki da sanyin tafki.

Idan mai nutso ya shiga ruwa, ruwa kaɗan yakan sulale ta wuya da hannu da ƙafa, ya kwanta tsakanin fata da riga. Jiki yakan ɗumama shi nan da nan. Mutane da yawa suna zaton wannan ruwa ne ke ba da ɗumi, alhali kuwa ba haka ba ne. Kumfar iskar da ke cikin robar ita ke tsare ɗumin. Abin da ake buƙata daga ruwan shi ne ya zama kaɗan, ya kuma tsaya wuri ɗaya. Idan riga ta yi wa mutum yawa, duk motsin da ya yi sai ruwa mai ɗumi ya fita, mai sanyi ya shigo, jiki ya yi ta aikin banza. Saboda haka jiƙaƙƙiyar riga dole ta kama jiki sosai, ba a yin aro a cikinta sai ga wanda girmansu ya zo ɗaya.

Ana auna kaurin rigar da milimita. Ga ƙiyasin da masu koyar da nutso suka saba bayarwa:

Ruwa mai digiri 24 zuwa 28: riga mai kaurin milimita 3.
Ruwa mai digiri 18 zuwa 24: riga mai kaurin milimita 5.
Ruwa mai digiri 10 zuwa 18: riga mai kaurin milimita 7, da hula da safar hannu.
Ruwan da bai kai digiri 10 ba: busasshiyar riga.

Wannan ƙiyasi ne kawai, domin siririn mutum ya fi mai jiki saurin jin sanyi, yaro kuma ya fi babba.

Abin da Zurfi Ke Yi wa Riga

A bakin tafki, iskar sararin samaniya tana danna jikin mutum da wani nauyi wanda aka saba da shi har ba a jin sa. A cikin ruwa, duk mita 10 da aka sauka, ana ƙara kwatankwacin wannan nauyi sau ɗaya. Ke nan a zurfin mita 10 matsin ya zama ninki 2, a mita 20 ninki 3, a mita 30 ninki 4.

A shekarar 1662 masanin nan Robert Boyle ya bayyana ƙa'idar da ɗaliban sakandare suka sani: idan matsi ya ninka, girman iska yakan ragu daidai gwargwado, muddin zafi bai canza ba. Bisa wannan ƙa'ida, kumfar iska da aka kai zurfin mita 10 za ta koma rabin girmanta, a mita 30 kuma ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kumfar da ke cikin jiƙaƙƙiyar riga ba ta tsira daga wannan hukunci ba. Yayin da mai nutso ke sauka, rigarsa tana sirancewa, ƙarfinta na tsare ɗumi yana raguwa.

Wani abin da ke ƙara tsananta lamarin shi ne, a tafkuna masu zurfi rana takan ɗumama ruwan sama ne kawai. Ruwa mai ɗumi ya fi mai sanyi rashin nauyi, don haka yakan zauna a sama, mai sanyi ya kwanta a ƙasa. Yaran da ke wanka a kududdufi sun san wannan, domin sau da yawa ƙirji yana cikin ɗumi amma ƙafa tana jin sanyi. Ke nan rigar tana rauni ne daidai wurin da aka fi buƙatarta.

Haka kuma, tun da robar tana yawo kamar silifas, mai nutso yakan ɗaura ɗamarar dalma don ya iya sauka. Idan ya yi zurfi rigar ta matse, sai dalmar ta fi ƙarfinsa ta riƙa jan sa ƙasa. Idan ya fara hawowa kuma rigar ta kumbura, ta riƙa ɗaga shi da sauri. Shi ya sa ake haɗawa da wata falmaran da ake hura wa iska ko a sace ta, don daidaita nauyi.

Busasshiyar Riga

Wannan ta girmi jiƙaƙƙiya a tarihi. Tun a ƙarshen shekarun 1830, Augustus Siebe, wani Bajamushe mazaunin Landan, ya haɗa hular tagulla da rigar da ruwa ba ya ratsawa, ana turo wa mai nutso iska ta tiyo daga sama. Ta zamani ta fi sauƙi ƙwarai. Ana yin ta da roba ko da yadi mai hawa uku, tana da zif na musamman wanda ruwa ba ya bi, wuyanta da bakin hannayenta kuma suna da roba mai laushi da ke manne wa fata.

Rigar kanta ba ta da wani ɗumi na a-zo-a-gani. Aikinta tsare ruwa ne. Ɗumin yana fitowa daga tufafi masu kauri da ake sawa a ciki, waɗanda ke riƙe iska kamar yadda bargo ke yi. Ana ƙara tufafin ko a rage su gwargwadon sanyin ruwa.

Ita ma iskar cikinta tana bin ƙa'idar Boyle. Idan aka sauka, sai ta matse, rigar ta manne wa jiki tana tsunkulin fata. Amma a nan akwai magani: akwai bawul a ƙirji da aka haɗa da tukunyar iska, mai nutso yana danna shi ya ƙara iska. Akwai kuma wani a dantsen hagu da ke fitar da iska lokacin hawowa. Ta haka kaurin iskar da ke kewaye da jiki ba ya canzawa, ɗumin mita 30 ya zama daidai da na mita 3. Wannan shi ne babban fifikonta.

Sai dai tana da nata haɗurra. Idan mai nutso ya sunkuyar da kai ƙasa, iska takan gudu ta taru a ƙafafu, ta ɗaga shi a kife zuwa sama. Hawowa da gaggawa kuwa yana iya fasa huhu, ko ya sa iskar naitirojin da ta narke cikin jini ta yi kumfa, kamar yadda lemon kwalba ke yi idan an buɗe shi farat ɗaya. Idan rigar ta yage, tufafin ciki sukan jiƙe, ɗumi ya tafi gaba ɗaya. Tana da tsada ninkin-ba-ninkin, zif ɗinta da robar wuyanta suna son kulawa, zafin rana kuma yana lalata su. Ba a shiga ruwa da ita sai an sami horo na musamman.

Wace Riga ta Dace da Ruwan Ƙasar Kano?

Tambayoyi huɗu ake yi kafin a zaɓa: yaya sanyin ruwan yake, nawa ne zurfinsa, tsawon wane lokaci za a yi a ciki, kuma me ke cikin ruwan?

A lokacin bazara, cikin watan Afrilu, zafin rana a Kano yakan kai digiri 40. Mai aikin ɗan lokaci a wuri marar zurfi a Tiga ko Ruwan Kanya, siririyar jiƙaƙƙiyar riga ta ishe shi, za ta kuma kare shi daga ƙaya da kaifin duwatsu. Wanda ya rufe kansa cikin busasshiyar riga ya tsaya a bakin tafki a irin wannan rana, zufarsa ba ta da hanyar bushewa, zafi yana iya sumar da shi tun kafin ya taɓa ruwa.

A lokacin hunturu, cikin Disamba da Janairu, ruwa yakan yi sanyi, ana kuma buƙatar riga mai kauri. A nan akwai wani tarko da ya kamata a sani. Kowa ya san yadda randa ke sanyaya ruwa: danshin da ke tsattsafowa a bayanta yana bushewa, yana tafiya da ɗumi. Mai nutson da ya fito ya zauna a kwale-kwale da jiƙaƙƙiyar riga cikin busasshiyar iskar hunturu, ya mai da kansa randa. Abin da ya dace shi ne ya tuɓe ta, ya goge jiki, ya rufa da bargo, ko kuma ya ɗora rigar leda a kai don tare iska.

Ga wanda zai yi awoyi yana aiki kusa da gindin madatsa, inda zurfi ya yi yawa, busasshiyar riga ta fi dacewa. A irin wannan wuri akwai ƙa'idar da ta fi zaɓen riga muhimmanci: ba a nutso kusa da bakin bututu ko ƙofar ruwa sai an tabbatar an rufe ta, domin ƙarfin jan ruwan yana iya manne mutum ya kasa ɓamɓaruwa.

Tambaya ta huɗu ita ce ta fi shafar wannan yanki. Cutar tsargiya, wato fitsarin jini, sananniya ce a wuraren noman rani. Ƙwayoyinta suna girma a jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke zama a ruwa marar gudu, su fito su yi iyo, su huda fatar mutum su shiga jini. Tun da jiƙaƙƙiyar riga tana barin ruwa ya kwanta a kan fata, ba a dogara da ita wajen kariya daga wannan cuta. Haka abin yake a kududdufan cikin gari da kwatami ke kwarara a ciki, ko ruwan da ya gauraya da maganin feshi. A irin waɗannan wurare ƙwararru sukan sa busasshiyar riga ta roba mai haɗe da safar hannu da hular da ta rufe kai duka, a kuma wanke ta tas kafin a tuɓe. Ke nan a ƙasashen sanyi ana sa busasshiyar riga ne don tsoron ƙanƙara, a ƙasar Hausa kuwa babban dalilinta shi ne ƙazantar ruwa. Masunci ko manomin da ya ga jini a fitsarinsa ya garzaya asibiti, domin cutar tana da magani.

Ya kamata a yi gargaɗi game da rijiya. Abin da ya fi kashe masu shiga tsohuwar rijiya shi ne gurɓatacciyar iska da ke taruwa a ƙasanta. Babu rigar da ke maganin wannan. Idan wani ya faɗa, a kira jami'an kashe gobara, kada na biyu ya bi shi babu igiya da na'urar numfashi.

Taimakon Farko ga Wanda Sanyi ya Kama

A kwantar da shi a hankali, a cire jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi har kai. Idan yana cikin hayyacinsa a ba shi shayi ko kunu mai ɗumi. Kada a murza masa hannuwa da ƙafafu, kada kuma a kai shi dab da wuta mai ruruwa. Idan maganarsa ta rikice, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Gwaje-gwaje Don Aji

Na ɗaya: a sami kwalabe uku masu girma ɗaya, a cika su da ruwa mai ɗumi iri ɗaya, a toshe. A bar ta farko tsirara. A naɗe ta biyu da tsumma kawai. A naɗe ta uku da busasshen tsumma, a sa ta cikin leda a ɗaure. A tsoma su duka a bahon ruwan randa, a auna zafin kowacce bayan minti 10, da 20, da 30, a zana jadawali. Za a ga jiƙaƙƙen tsumma bai taimaka sosai ba, domin ruwa ya kore iskar cikinsa.

Na biyu: a yanko ɗan guntun tsohon silifas a sa cikin babban sirinji marar allura. A toshe bakin da yatsa, a danna da ƙarfi, a lura da yadda guntun ke ƙanƙancewa, da yadda yake komawa idan an saki. Abin da ke samun jiƙaƙƙiyar riga ke nan a zurfin tafki.

Kammalawa

Duk rigunan biyu da iska suke tsare ɗumi: ɗaya ta ɓoye ta cikin kumfar roba, ɗaya ta riƙe ta cikin busassun tufafi. Jiƙaƙƙiya tana da sauƙi da araha, ta kuma wadatar a mafi yawan ruwan wannan ƙasa idan aikin gajere ne kuma ruwan mai tsabta ne. Busasshiya ta zama dole idan ruwa ya yi sanyi ƙwarai, ko zurfi da daɗewa sun yi yawa, ko ruwan ya gurɓata. Hausawa suna cewa iya ruwa fid da kai. Ga mai nutso, fid da kai yana farawa ne tun a bakin ruwa, lokacin da yake auna irin ruwan da zai shiga.

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwa mai digiri 25 ke sa karkarwa alhali iska mai digiri 25 ba ta sawa?
2. Kumfar iska mai girman mililita 12 a saman tafki, nawa za ta koma a zurfin mita 20?
3. Bayyana dangantakar da ke tsakanin randa da mai nutson da ya fito daga ruwa a hunturu.
4. Kawo dalilai biyu da za su sa a zaɓi busasshiyar riga a ƙasa mai zafi.